Fim ɗin da aka nemi a lalata: Yadda 'yan Hauka na Kurfai suka raba kan 'yan kallo

A shekarar 1955 aka haska wani gajeren fim na kusan rabin sa'a a gidan tarihi na Musée de l'Homme da ke birnin Paris, kuma ana kunna fitila gardama ta kaure. Ɗaliban Afirka da ke zauren sun ce an ci mutuncin baƙar fata. Marcel Griaule, malamin wanda ya shirya fim ɗin, ya ce a lalata shi kawai.

Fim ɗin shi ne Les Maîtres fous, wato "mahaukatan iyayengiji", na Bafaranshe Jean Rouch. A kusa da Accra aka ɗauke shi a 1954, amma saiwar labarin tana ƙasar Kurfai, a yankin Filinge na jihar Tilaberi, kimanin kilomita 180 arewa maso gabashin Yamai.

Daga Cikal zuwa Accra

A wajen 1925 ne wasu baƙin iskoki suka ɓulla a wasan bori a ƙauyen Cikal, kusa da Filinge, kuma sunan wata mata, Zibo, shi ne ya fi fitowa a tarihin farkon lamarin. Iskokin ba irin waɗanda aka gada ba ne. Wanda suka hau sai ya miƙe ƙyam, ya sara kamar soja, ya riƙa ba da oda da gurɓataccen Faransanci. Wasu na kiransu Babule, wasu Hauka.

Lamarin ya zo ne a zamanin haraji da aikin tilas, lokacin da talakawa da dama ke jin haushin sarautar da Turawa suka ɗaure wa gindi a Filinge. Matasa suka yi ta shiga, suna ƙin bin umarni. Kwamandan Yamai na lokacin, Crocicchia, ya sa aka kama mabiya aka kulle. Abin dariyar shi ne, ba a jima ba shi ma ya zama iska a cikin jerin iskokin Hauka, da sunan Kwamanda Mugu. Wanda ya zo kashe wasa ya koma ɗan wasa.

'Yan ci-rani daga yammacin Nijar su suka kai Hauka ƙasar Gold Coast, Ghana ta yau, inda suke dako da leburanci. A can Rouch ya same su, kuma a cewarsa shugabanninsu ne suka gayyace shi ya ɗauki bikinsu na shekara.

Abin da kyamara ta nuna ba mai daɗin kallo ba ne: idanu a juye, kumfa na zuba daga baki, wannan ya zama gwamna, wancan janar, wani direban jirgin ƙasa, wani kuma matar likita. Sun yanka kare, sun ci. Sai a ƙarshe aka nuno mutanen nan washegari a wuraren aikinsu, lafiya lau, suna murmushi.

Kowa da abin da ya gani

Hukumomin mulkin mallaka na Ingila sun haramta fim ɗin a Gold Coast, don sun gane sarai cewa gwamnansu da faretinsu ake kwaikwaya. 'Yan bokon Afirka kuwa tsoronsu daban ne: Bature mai neman hujjar cewa baƙar fata bai waye ba, ga hujja an miƙa masa a faranti. Shekaru goma bayan haka, Ousmane Sembène na Senegal ya faɗa wa Rouch baki da baki cewa irinsu suna kallon 'yan Afirka ne kamar ƙwari.

A gefe guda kuma, fim ɗin ya ci kyauta a bikin fina-finai na Venice a 1957, kuma har yau ana koyar da shi a jami'o'in Turai da Amurka a matsayin hoton yadda talaka ke mayar wa mai mulki da martani.

Duka ɓangarorin suna da abin kamawa. Sai dai idan aka duba sunayen masu wannan muhawara, Paris ce da Venice da Dakar. Mutanen da abin ya tsiro a gonakinsu, ba da su aka yi zaman ba. An yi ta aski, mai kai ba ya nan.

Boka mai jan ƙyalle

Matashin Filinge na yau, ko yana gida ko yana ci-rani a Yamai, Kwatano ko Libiya, ba Rouch ne a wayarsa ba. Fina-finan Kannywood ne, da Indiya-Hausa, da shirye-shirye masu dogon zango irin Daɗin Kowa da Labarina. Amma ƙorafin da 'yan kallon Hausa suka fi yi bai yi nisa da na ɗaliban Paris ba: "wannan ba al'adarmu ba ce", ko "sun zubar mana da mutunci a idon duniya". Irin wannan kuka ne ya kai ga kafa hukumar tace fina-finai a Kano a 2001.

Bambancin shi ne yanzu mai ɗaukar hoton ɗan gida ne, kuma bai fi Bature yi wa bori adalci ba. A yawancin fina-finan Hausa, mai iska boka ne a cikin kogo, da jan ƙyalle da ƙwarya da muguwar dariya, yana jiran kishiya ta kawo kuɗi. Mai kallo na iya ƙin bori saboda addininsa, wannan haƙƙinsa ne. Amma wanda bai san komai ba sai wannan boka, da wuya ya yarda cewa a Cikal wasan bori ya taɓa hana kwamandan Faransa barci.

Ita ma Nijar ta yi masu riƙe kyamara nata. Oumarou Ganda, wanda ya fara da fitowa a fim ɗin Rouch mai suna Moi, un noir, ya dawo gida ya shirya nasa, har Le Wazzou polygame ya ci babbar kyautar bikin FESPACO a Wagadugu a 1972. Kaɗan ne cikin matasan yau suka taɓa ganin ko da minti ɗaya na aikinsa, alhali sun haddace fuskokin jaruman Mumbai.

Rouch ya rasu a hatsarin mota kusa da Birnin Ƙonni a watan Fabrairun 2004, aka binne shi a Yamai. Cibiyar al'adun Faransa da Nijar da ke birnin ta daɗe tana ɗauke da sunansa, har zuwa 2024, lokacin da hukumomin soja suka sauya mata suna zuwa na Moustapha Alassane, ɗaya daga cikin 'yan Nijar na farko da suka shirya fim da hannunsu.