Shaidar Jini A Kan Ciwon Sukari

Ciwon sukari ba baƙo ba ne ga malaman ɗibbu. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya siffanta shi cikin Alƙanun, har ya ambaci zaƙin fitsari da ruɓewar gaɓoɓi. Amma a da ba a gane shi sai ya yi nisa, ga ƙishirwa, ga rama, ga tururuwa na taruwa inda aka yi fitsari. Yau kuwa jini ke ba da shaida, tun mutum yana jin kansa garau.

Awo na farko, mutum ya kwana awa 8 bai ci kome ba, a ɗebi jininsa da safe. In sukarin ya kai 126, aka sake wata rana ya tabbata, to ciwo ya kama. Wannan kamar ƙidayar cinikin yini guda ne.

Na biyu shi ne HbA1c, wanda ya yi kama da littafin lissafin falke. Ƙwayar jan jini takan rayu wajen kwana 120, sukari yana manne mata gwargwadon yawansa, saboda haka takan tona halin wata biyu ko uku. Samuel Rahbar, likitan ƙasar Iran, ya gano wannan a 1968. A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda 6.5 cikin ɗari ya zama haddi, domin daga wajen nan ɓarnar jijiyoyin ido take yawaita. Gwargwadon hawan adadin, gwargwadon hatsarin makanta, da ciwon ƙoda, da gyambon ƙafa mai ƙin warkewa.

Sai dai akwai kashedi. Mai sikila, da mai ƙarancin jini, da wanda aka ƙara wa jini kwanan nan, awon nan yakan ɓata musu lissafi, sai su sanar da likita.

Mutumin Toranke da ya haura shekara 40, ko yake da ciwon a dangi, ya kamata ya nemi awo a babban asibitin Gaya. In ba a samu na biyun ba, sai ya dangana da Kano, Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano. Wanda aka tabbatar masa, a duba masa ido da fitsari da ƙafafu kowace shekara. Malami da idonsa yake karatu, falke da ƙafarsa yake fatauci.