Shin Ko Kun San? Magina da Masu Ɗaukar Hoto na Ƙasar Ailan

Shin ko kun san cewa katafaren gidan tarihin nan na Masar da ke kusa da dalar Giza, wanda aka yi bikin buɗe shi a watan Nuwamban 2025, a wani ofishi da ke Dublin, a ƙasar Ailan, aka zana shi? A shekarar 2003 aka kammala gasar zaɓen zanensa. Zane 1,557 aka aiko daga ƙasashe 82, kuma kamfanin Heneghan Peng, na Róisín Heneghan da Shih-Fu Peng, shi ya yi nasara, alhali a lokacin ƙaramin ofishi ne da bai yi suna ba. Su ne kuma suka zana Gidan Tarihin Falasɗinu da ke Birzeit, ginin da ya samu lambar yabo ta Aga Khan a 2019. Jamhuriyar Ailan kuwa mutanenta sun ɗan haura miliyan 5 ne kawai.

Ko kun san cewa lambar Pritzker, wadda ita ce mafi daraja a fannin zanen gine-gine a duniya, mata biyu 'yan Ailan ne suka karɓe ta a 2020? Yvonne Farrell da Shelley McNamara tare suka yi karatu a jami'a a Dublin, tare suka kafa kamfanin Grafton a 1978, suka raɗa masa sunan titin da ofishinsu na farko yake. Kafin su, mata uku kacal suka taɓa samun wannan lamba. Abin da ya fi burge ni a tarihinsu shi ne haƙuri: shekara 30 suna aiki, galibi makarantu da gidaje da ofisoshi a cikin ƙasarsu, kafin ginin Jami'ar Bocconi da ke Milan ya fito da su duniya a 2008. Daga nan sai ginin jami'ar UTEC a birnin Lima na ƙasar Peru, wani tsaunin kankare mai hawa-hawa da aka bar shi a buɗe domin iskar teku ta riƙa ratsa shi. Su aka damƙa wa shirya babban baje kolin gine-gine na Venice na 2018, suka gina shi a kan tambayar da ta dame su tun farko: me gini zai ba wanda ke wucewa ta gabansa, wanda bai biya ko sisi ba?

Wannan tambaya tana da tushe a gida. Unguwar Temple Bar da ke tsakiyar Dublin, wadda baƙi ke cika a yau, da tuni an rushe ta. Kamfanin sufuri na gwamnati ya daɗe yana sayen gidajenta da niyyar gina babbar tashar bas. Kafin a fara rusau sai ya riƙa ba da hayarsu da araha, masu zane da mawaƙa da ƙananan 'yan kasuwa suka tare, unguwa ta farfaɗo, aka fasa tashar. A 1991 ƙananan kamfanonin zanen gini guda 8, ciki har da Grafton, suka haɗa kai da sunan Group 91 suka lashe gasar sake tsara unguwar.

A dandalin Meeting House Square da Group 91 suka fitar a unguwar, Sheila O'Donnell da John Tuomey sun zana gine-gine biyu masu fuskantar juna, dukansu na hoto. Ɗaya zauren baje kolin hotuna ne, na cibiyar da aka kafa tun 1978, wadda yanzu ake kira Photo Museum Ireland. Ɗayan kuma ma'ajiyar hotuna ta ƙasa ce. An tsara su ta yadda za a hasko majigi daga ginin ma'ajiyar zuwa fuskar zauren, mutane su zauna a fili su kalli fim. A ganina wannan dabara ta fi kowace lambar yabo nuna halin maginan ƙasar.

Ma'ajiyar tana riƙe da tarin hotunan Lawrence, faranti na gilashi kusan 40,000 da aka ɗauka tsakanin 1870 da 1914, mafi yawansu aikin Robert French, wanda ya karaɗe garuruwan tsibirin Ailan da kyamararsa.

Shin ko kun san cewa kangon gidaje ma ya shiga zauren baje koli? Bayan durƙushewar tattalin arziki a 2008, wani binciken gwamnati na 2010 ya ƙirga rukunin gidaje sama da 2,800 da ba a kammala ba ko ba a cika su da mazauna ba. Anthony Haughey ya bi irin waɗannan wurare tsakanin faɗuwar rana da asuba, ya ɗauki jerin hotunan da ya kira Settlement. Babu mutum a cikinsu, sai bulo da tulin ƙasa da ciyawa. Mujallun gine-gine sun fi son gini sabo fil yana ƙyalli. Waɗannan hotuna sun nuna inda bashin banki ya kai jama'a, kuma ya dace a rataye su inda kowa zai gani.

A birnin Cork kuwa, zauren Glucksman na jami'ar garin, shi ma aikin O'Donnell da Tuomey, an buɗe shi a 2004, an ɗaga ɗakunan baje kolinsa sama a tsakanin bishiyoyi a bakin kogin Lee, an lulluɓe su da katako. A watan Nuwamban 2009 kogin ya yi ambaliya bayan an saki ruwa daga madatsar Inniscarra. Ɗakunan sama sun tsira, amma ruwa ya cika ma'ajiyar ƙarƙashin ƙasa inda ake adana zane-zanen jami'ar. Jami'ar ta maka hukumar lantarki mai kula da madatsar a kotu, aka yi ta shari'a, a 2020 kuma Kotun Ƙoli ta yanke cewa hukumar ta yi sakaci.