Kafin Ka Ƙara wa Bindiga Sauri

Daren 1 ga Oktoba 2017, wani mutum shi kaɗai ya leƙo ta tagar otal a Las Vegas ta Amurka, ya buɗe wa masu kallon wasa wuta. Cikin kamar minti goma ya saki harsashi fiye da dubu, mutum 58 suka mutu a daren. Abin da ya ba shi wannan sauri wata 'yar na'ura ce da ake ɗaurawa a gindin bindiga, sai mai harbi ɗaya-ɗaya ta riƙa aman wuta kamar ta soja. Gwamnatin Trump ta haramta na'urar a 2018, Kotun Ƙoli ta soke haramcin a Yunin 2024, shi ya sa ake ta kai ƙudurori majalisar Amurka don a kafa mata doka.

Mutumin Isa ko Sabon Birni a Jihar Sakkwato ba sai an fassara masa wannan ba, da kunne yake tantancewa. Bindigar toka in ta yi kuka sau ɗaya sai mai ita ya tsaya ya ɗura albarushi, ya danna, ya gyara. Ba banza aka sa mata suna harba-ka-ruga ba. A ɗan wannan tsakanin uwa ke saɓa goyonta ta faɗa gona. Mai jigida kuwa ba ta ba kowa wannan sarari. Waɗanda suka ci kasuwar Goronyo ranar da aka faɗa mata a Oktoban 2021, aka kashe mutum fiye da 40, su ne shaida.

Mu a Najeriya ba jiran sabuwar doka muke ba, tana nan tun 1959. Dokar Makamai ta kasa bindigogi gida uku. Irin na yaƙi, masu sarrafa kansu, sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Na farauta masu cin harsashi suna hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda, wanda ma ya dakatar da ba da lasisin a Agustan 2023. Na toka su ne a ƙasa, sha'aninsu na Kwamishinan 'Yan Sanda ne. Mallakar ta rukunin farko ba izini ɗaurin shekara goma ne aƙalla. Ƙera bindiga ko gyaranta ma sai da izini. A 2024 kuma Shugaba Tinubu ya sa hannu kan dokar daƙile yaɗuwar ƙananan makamai.

To, ga inda talaka ke zurmawa. A zo wa maƙeri ko mai walda da ƙarfe a naɗe cikin buhu, a ce, "Baba, ɗan gyara ne, so nake ta riƙa tashi da sauri." Ladan aikin bai kai kuɗin kwanon shinkafa biyu ba, amma da zarar ta sauya hali ta sauya matsayi a idon doka, kuma ranar da aka kama ta, tambayar farko ita ce wa ya taɓa ta. Haka direban da ya karɓi saƙo a tasha zuwa Illela ko Wurno bai kwance bakin buhu ba. "Ban sani ba" ba ta cika fitar da mutum a gaban alƙali ba.

Na san abin da za a ce: ai ɗan bindiga ba ya neman lasisi, mu za a ɗaure wa hannu? Maganar tana da nauyi, ba na raina ta. Sai dai bindigar da aka gyara yau don tsaron ƙauye, gobe in an ci ƙarfin mai ita daji za ta shiga, ta juyo da baki gida. Mai son tsare garinsu ga rundunar tsaron al'umma da Gwamna Ahmed Aliyu na Sakkwato ya ƙaddamar a 2024, a bi ta nan.

Maƙeranmu, direbobinmu, don Allah a buɗe buhu a duba kafin a karɓa. In an ga abin da ba a gane ba, a sanar da mai unguwa ko ofishin 'yan sanda mafi kusa.