3.3 Yadda Ake Ɗinka Tauraruwar Bargon Lakota

A wannan sashe za a yi bayani a kan yadda ake haɗa tauraruwa mai tsini takwas da ke tsakiyar bargon da matan ƙabilar Lakota suke ɗinkawa a jihohin Dakota ta Kudu da Dakota ta Arewa a ƙasar Amurka. Shi dai wannan bargo hawa uku gare shi, wato fuska da ake haɗawa da ƙananan ƙyallaye, da audugar da ake shimfiɗawa a tsakiya, sai kuma shafi. Bayanin zai taƙaita ne a kan fuskar, domin a nan gwaninta take.

Ɗinkin ba gadon kaka da kakanni ba ne ga Lakota. A da, fatar ɓauna suke jemewa su yi mata zane su yafa, ita ce kuma kyautar girmamawa a wurinsu. Da aka kusa ƙarar da ɓaunar Amurka a shekarun 1880, aka kuma tsare mutanen a keɓaɓɓun yankuna irin su Pine Ridge da Rosebud, sai matan suka koyi haɗa bargo daga matan mishan da makarantun gwamnati. Turawa na kiran wannan zane Tauraruwar Baitalahmi, amma su Lakota Gamzaki suka gani a cikinsa, tauraron da ke fitowa da asuba tsakanin duhu da haske. Ta haka bargon ya gaji matsayin fatar.

Tauraruwar ta ƙunshi manyan daimon guda 8. Abin da ake nufi da daimon a nan shi ne ƙyalle mai gefe huɗu masu tsawo ɗaya, wanda kusurwoyinsa biyu suke da tsini. Dole ne tsinin ya kasance digiri 45, saboda takwas ɗin za su haɗu a cibiya su cika digiri 360. Kowane babban daimon kuwa ƙanana ne aka jera a cikinsa. Idan an yi jeri 6, kowane jeri da ƙyalle 6, za a sami 36 a babban daimon ɗaya, wato 288 ke nan a tauraruwar baki ɗaya. Irin wannan jeri yana ba da zoben launi 11: na cibiya ƙyalle 8, na biye da shi 16, haka adadin zai riƙa ƙaruwa har 48 a zobe na shida, sannan ya riƙa raguwa zuwa 8 a bakin tsinayen. Wannan lissafi shi ne mai ɗinki take bi wajen sanin yawan yadin da za ta saya na kowane launi.

A tsohuwar hanya, akan yanka kwali a siffar daimon, a ɗora a kan yadi a zana, a yanke ƙyallayen ɗaya bayan ɗaya da almakashi. Bayan da kamfanin Olfa na Japan ya fito da wuƙar yadi mai gangare a 1979, sai wata hanya ta yaɗu. Ana yanka yadi dogo-dogo, a ɗinke guda shida gefe da gefe bisa tsarin launin da ake so, sannan a yanka su a karkace. Kowane yanka ya zama jeri guda a shirye. Hanyar ta rage wahala ƙwarai, sai dai ba ta kawar da matsalar da ke cikin aikin ba.

Matsalar kuwa ita ce, yadi ba ya miƙewa sosai idan an ja shi ta bin zaren tsaye ko na kwance, amma yana miƙewa idan an ja shi a karkace. Kowane daimon aƙalla gefensa biyu a karkace aka yanke su. Saboda haka ja kaɗan a ƙarƙashin allurar keke, ko goga dutsen guga a kai da ƙarfi, ya isa ya sauya kusurwar. Dalili ke nan da ya sa ake sa wa yadin sitaci kafin yanka, ake kuma danna dutsen guga a ɗaga maimakon a goga. Kuskuren digiri ɗaya ba ya ganuwa a daimon guda, amma idan ya maimaitu sau takwas ya zama digiri 8. In an gaza 360, cibiyar za ta taso kamar malfa. In an zarce, sai ta tattare ta ƙi kwanciya. Babu gugar da za ta gyara wannan, sai dai a warware ɗinki.

Wajen haɗawa, ana barin rubu'in inci a matsayin bakin ɗinki. Akan haɗa manyan daimon biyu-biyu, sannan huɗu-huɗu, daga nan a haɗa rabi da rabi. Ba a kai ɗinkin har ƙarshen gefen waje, ana tsayawa saura rubu'in inci, domin a nan za a cusa murabba'i huɗu na kusurwoyi da alwatika huɗu na gefuna. Ɗinki uku ne ke haɗuwa a wuri ɗaya, shi ya sa gwanaye suke auna giɓin da ya samu kafin su yanka waɗannan ƙyallaye, ba sa dogara ga awon da ke takarda.

Duk wannan taka-tsantsan yana da dalili, domin bargon ba a ɗaki yake ƙarewa ba. A bainar jama'a ake yafa wa mutum shi, a bikin raɗa suna, ko ranar kammala makaranta, ko lokacin da soja ya dawo gida, kuma ana lulluɓa shi a kan akwatin gawa. Iyalin mamaci kan shafe shekara guda suna tara barguna don rabawa a taron tunawa da shi, inda ake buɗe kowane ɗaya a gaban matan da su ma ɗinkin suke yi.