Yadda tafiyar wata huɗu ta gwada abotar Mark Twain da George Cable

A ƙarshen watan Janairun 1884 wani baƙo ya sauka a gidan Mark Twain da ke birnin Hartford na jihar Connecticut a Amurka, da niyyar gajeriyar ziyara. Sai ciwo ya kayar da shi, ya kwanta kusan mako uku ana jinyarsa. Bayan ya tafi, yaran gidan suka kamu da hangum, maigidan kuma ya riƙa cewa tsarabar baƙon ce.

Baƙon shi ne George Washington Cable, marubucin labarai daga New Orleans. Wata tara bayan wannan jinya, shi da Twain suka shiga jirgin ƙasa tare, suka fara zagayen karanta littattafansu a gaban jama'a. Sun tashi daga New Haven ranar 5 ga Nuwamban 1884, suka ƙare a Washington ranar 28 ga Fabrairun 1885, bayan sun hau dandali fiye da sau 100 a garuruwa kusan 80 na Amurka da Kanada.

Da wuya a samu marubuta biyu da suka ɗauki lokaci suna sanin juna kafin tafiya kamar waɗannan. Duk da haka, wasiƙun da suka aika gida daga hanya sun nuna akwai abin da ziyara da zumunci ba su nuna musu ba.

Shekara uku ana sabo

Sun fara haɗuwa a Hartford a 1881. Lokacin Twain, wanda asalin sunansa Samuel Clemens, ya riga ya yi suna da littattafai irin su The Adventures of Tom Sawyer na 1876. Cable kuwa tauraronsa bai daɗe da fitowa ba. Littafinsa Old Creole Days ya fito a 1879, The Grandissimes ya biyo baya a 1880, kuma masana adabi a arewacin ƙasar sun yaba masa ƙwarai.

Akwai abubuwan da suka haɗa su. Dukansu 'yan gaɓar kogin Mississippi ne, sun tashi a jihohin da ake bautar da baƙar fata, kuma daga baya dukansu sun juya wa wannan tsari baya a rubuce-rubucensu. Cable ma ya yi wa ɓangaren Kudu yaƙi a matsayin sojan doki a yaƙin basasar 1861 zuwa 1865.

A 1882 Twain ya bi kogin har New Orleans yana tara bayanan littafinsa Life on the Mississippi, Cable ne ya zaga da shi gari. A 1883 Twain ya taimaka aka shirya wa Cable taron karatu a Hartford. A ranar 1 ga Afrilun 1884, ranar da Turawa ke zolayar juna, Cable ya nemi mutane kusan 150 su rubuto wa Twain wasiƙu a lokaci guda kowa na roƙon ya sa masa hannu a takarda, domin ya san abin na ba shi haushi. Irin wasan da sai wanda aka saba da shi ke yi wa mutum.

Ba Cable kaɗai aka so ba

Tun farko shirin Twain ya fi haka girma. Ya so ya haɗa ayarin marubuta, har da William Dean Howells da Thomas Bailey Aldrich, su riƙa yawo a taragonsu na kansu da mai dafa musu abinci. Ya kuma nemi Joel Chandler Harris, mai tatsuniyoyin Uncle Remus. Sai dai Harris mutum ne mai tsananin kunya. A gidan Cable a New Orleans yara suka taru don su ji shi, ya kasa karanta musu labarinsa, sai Twain da Cable ne suka karanta. Sauran ma kowa ya zame, aka bar Cable shi kaɗai.

Twain na da dalilin fita. Ya yi kusan shekara goma bai yi irin wannan zagaye ba, ga shi yana buƙatar kuɗi, ga sabon littafinsa Adventures of Huckleberry Finn na shirin fitowa daga kamfanin ɗab'in da shi da kansa ya kafa, wanda Charles L. Webster ke gudanarwa. Idan littafin bai karɓu ba, asarar tasa ce.

Aka ɗauko James B. Pond, fitaccen mai shirya tarukan lacca na zamanin, ya tsara tafiyar, ya kuma raɗa mata suna Twins of Genius, wato tagwayen haziƙai. Yarjejeniyar ita ce Twain zai riƙa biyan Cable dala 450 a mako tare da kuɗin masauki da abinci da sufuri, abin da ya rage na riba ko asara kuma na Twain ne.

A nan dangantakar ta sauya ba tare da an faɗa ba. Abokai biyu suka koma mai biya da wanda ake biya, alhali a takardun talla an kira su tagwaye.

Abin da jirgin ƙasa ya tona

Hausawa na cewa zo mu zauna, zo mu saɓa. Twain mai shekara 49 mutum ne mai zuƙar sigari ba ƙaƙƙautawa, mai son wasan biliyad, mai saurin fushi da ashar. Cable mai shekara 40 ɗan ƙaramin mutum ne, mai riƙo da cocin Presbyterian, ba ya shan taba, ba ya ashar.

Babban abin da ya fi damun Twain shi ne Lahadi. Cable ba ya hawa jirgi ko wani abin hawa ranar Lahadi, yana wuni ne tsakanin coci da makarantar Lahadi. Twain ya san da haka tun kafin a tashi. Amma sanin abu daban, zama da shi mako bayan mako a tsakiyar hunturu daban. Idan an yi taro daren Asabar a wani gari, na Litinin kuma yana da nisa, dole a matse tafiyar cikin ragowar lokaci, a isa a gajiye a hau dandali.

Na biyu kuɗi. A wasiƙun da Twain ke aika wa matarsa Olivia, ya yi ta ƙorafin cewa Cable maƙo ne idan kuɗin aljihunsa ne, amma hannunsa a sake yake idan za a rubuta a lissafin tafiya, har da kuɗin wanki. Tunda Twain ne ke biya, kowane rasit yana shiga idonsa.

Na uku lokaci a dandali. Sukan karɓi juna ne cikin shirin da ke ɗaukar kimanin awa biyu. Cable na karanta sassan littafinsa Dr. Sevier, yana kuma rera waƙoƙin 'yan Creole na Louisiana, waɗanda jama'a ke so sosai. Twain ya ga kason abokin nasa na ƙara tsawo, ya matsa aka rage. Har ya tsara cewa Cable ya riƙa buɗe taro tun mutane na shigowa suna neman kujera.

Abin mamaki, wasiƙun da Cable ke aika wa tasa matar, Louise, yawancinsu yabo ne da labarin raha da cikar zaure. Mutum biyu a tarago ɗaya, kowa da irin tafiyar da yake bayar da labarinta a gida.

Ribar da ba a sa a lissafi ba

Ba ƙorafi kaɗai aka kwaso ba. A makon farko Twain ya gane cewa karanta littafi daga takarda ba ya riƙe masu sauraro. Sai ya haddace sassan, ya riƙa ba da su da ka kamar mai hira, yana gyara su dare bayan dare gwargwadon inda aka yi dariya da inda aka yi shiru. A haka jama'a da yawa suka fara jin muryar Huck da Jim kafin littafin ya fito a Amurka a watan Fabrairun 1885.

A watan Disamban 1884, a wani shagon littattafai a Rochester ta jihar New York, Cable ya nuna wa Twain littafin Le Morte d'Arthur na Thomas Malory, tsohon labarin Sarki Arthur da jarumansa, ya ce ya karanta. Twain ya kamu da shi, har su biyun suka riƙa zolayar juna da tsohon Turancin littafin a jirgi da otal. Daga nan tunanin A Connecticut Yankee in King Arthur's Court ya tsiro, littafin da ya fito a 1889. Mutumin da ake ƙorafin kuɗin wankinsa shi ne ya miƙa wa Twain irin littafinsa na gaba.

Tafiyar ta kuma kai Twain gida. A watan Janairun 1885 sun yi taro a Hannibal ta jihar Missouri, garin da ya yi yarinta, sannan suka wuce Keokuk ta jihar Iowa inda mahaifiyarsa ke zaune.

Maƙalar da ta tayar da ƙura

Ana tsakiyar zagayen ne mujallar Century ta Janairun 1885 ta buga maƙalar Cable mai suna The Freedman's Case in Equity, inda ya ce baƙaƙen fatar da aka 'yanta sun cancanci cikakken haƙƙin ɗan ƙasa a kotu da makaranta da jiragen ƙasa. A wannan fitowar dai akwai wani yanki na Huckleberry Finn.

Jaridun Kudu suka yi masa ca, wasu na kiransa maci amanar yankinsa. Henry Grady na jaridar Atlanta Constitution ya rubuta masa martani a mujallar bayan wata uku. Wannan ya sa Cable ya zama abin magana a duk garin da suka sauka, kuma abin bai tsaya a takarda ba: a cikin shekarar 1885 ya kwashe iyalinsa ya koma Northampton ta jihar Massachusetts da zama, bai sake mayar da New Orleans gida ba.

Taurin kan da ya hana Cable hawa jirgi ranar Lahadi shi ne dai ya sa ya rubuta abin da ya san zai raba shi da garinsu. Twain ya ga fuskokin biyu a kusa, a cikin watanni guda.

Bayan an sauka

Ana gab da kammalawa Twain ya rubuta wa Howells cewa basirar Cable ta wuce yadda ya zata, amma irin riƙonsa da addini ya sa shi kansa ya ƙi jinin ranar Lahadi. Bayan 'yan watanni wasu jaridu suka fara yaɗa labarin maƙon Cable a lokacin tafiyar, abin da ya ɓata masa rai. Ba su sake yin zagaye tare ba, kuma zumuncin bai koma yadda yake a 1884 ba.

Amma bai yanke ba. A 1895, shekara goma bayan tafiyar, Twain ya rubuta wa Cable cewa a matsayin abokin tafiyar jirgin ƙasa ba shi da aibi, kuma shi kaɗai ne wanda mutum mai sauyin hali irinsa zai iya yin sulusin shekara tare da shi bai gaji ba. Wanda ya karanta wasiƙun 1885 zai yi murmushi, amma ana iya cewa duka biyun gaskiya ne: na farko an rubuta shi a gajiye a ɗakin otal, na biyu bayan gajiyar ta wuce.

Har gobe kamfanonin ɗab'i da masu shirya bukukuwan littattafai na haɗa marubuta biyu ko uku a mota ɗaya, su bar su su gaisa ta waya ko su ci abinci tare kafin a tashi. Labarin Twain da Cable ya nuna tambayoyin da irin wannan gaisuwa ba ta cika taɓowa ba: wa ke biya, wa zai fara magana, minti nawa kowa zai yi, wace rana ce ba a tafiya.

Cable ya halarci liyafar cikar Twain shekara 70 a New York a 1905. Twain ya mutu a watan Afrilun 1910, kuma a taron tunawa da shi da aka yi a zauren Carnegie a watan Nuwamban shekarar, Cable na cikin waɗanda suka tashi suka yi jawabi, inda ya ba da labarin wancan hunturu da suka yi a hanya.