In Intanet Ɗin Wayarki Ya Yi Nauyi



Akwai kukan da nake yawan ji daga masu sana'a a cikin gida. Kin ɗauki hoton atamfa ko turaren wuta za ki tura wa mai saye, hoton ya tsaya yana ta juyi, kafin ya tafi har ta saya a wani wurin. Haushi ya sa ki miƙa wa yaro waya ya kai wa mai gyara. Dakata tukuna, 'yar'uwa. Wayar nan hotunanki na ciki, da hirarki da maigida, kuma sau da yawa lafiyarta ƙalau.

Ina yarinya, wajen shekarar 2001 da wayar salula ta shigo Najeriya, akwai kwamfuta a ofishin babanmu da ake jona wa layin tarho ta wata na'ura mai suna modem. Iyakar gudunta kilobit 56 a daƙiƙa, wato hoto mai nauyin megabait 1 sai ya haura minti 2 kafin ya sauka. In ruwan sama ya jiƙa wayar tarhon, layi ya yi shuu, modem da kanta take rage gudu. Shi ya sa mai gyara na lokacin ba ya fara kwance kwamfuta, layin yake fara saurare. An daina yayin modem, amma wannan dabarar tana nan: a fara duba hanya kafin a zargi na'ura.

To, kalli saman wayarki, kusa da sandunan sabis. In harafin E kika gani, kina kan 2G ke nan, tafiyar hawainiya ce. H na nufin 3G, sai 4G ko LTE wanda ya fi su sauri. Waya na komawa E ne in saƙon turken sadarwa ba ya iso ta da ƙarfi, kuma mu ɗakunanmu can ƙurya suke, ga katanga mai kauri, ga rufin kwano. Fito tsakar gida ko ki matsa jikin taga. Ki danna alamar jirgin sama, ki ƙirga ashirin, ki sake dannawa, wayar za ta nemi turke daga farko. Ni kaina akwai wani lungu kusa da madafa da nake tsayawa in zan tura aiki, yara har dariya suke yi mini.

Wani lokacin kuma sanduna a cike, 4G na nan, amma shiru. Wannan cunkoso ne. Turke ɗaya ne ke ɗauke da unguwa, kamar rijiya ɗaya da guga da yawa, kuma bayan isha'i kowa ya ɗauki waya. Ki riƙa tura hotunan kayanki da sassafe.

Ki tabbatar ma datar ba ta ƙare ba. Tun 2023 lamba ɗaya ce a duk layukan Najeriya, *323#. In tana saurin ƙarewa, leƙa WhatsApp: bidiyon biki da ake zubawa a zaurukan dangi yana iya sauka da kansa, ya ci data, ya cika waya. Shiga saitin ajiya da data ki hana shi sauka sai kin taɓa.

In duk kin gwada abin ya ƙi, sa layinki a wayar abokiyar zama ko ta maigida. Ya yi nauyi a can ma? To daga kamfani ne, kira su a 300, in ba su share miki hawaye ba akwai 622 ta hukumar NCC, kyauta ce. In kuwa ya yi gudu a tasu, wayarki ce ke son gyara. Cire layi da katin ajiya, kwashe hotunanki, sannan ki ba wanda kika yarda da shi ya tsaya a gyara a gabansa.