Gidan da ke cikin waya da gidan da ke ƙasa: me ke raba su?

Ɗan ci-rani da ke Abidjan, Kotonu, Aljeriya ko Faransa, idan zai gina gida a Maraɗi ko Damagaram, yawanci ta WhatsApp yake fara ganin gidansa. Mai zane ya aiko masa hoto: bango sumul, karo na ƙyalli, ƙofa kamar ta otal. Hoton ne ke sa shi aiko kuɗi. Bayan shekara ya dawo, ya tarar da launi daban, karo ƙanana, bango bai yi kama da na hoton ba. Sai a fara zargin magini ko ɗan'uwan da aka ba amana. Sau da yawa kuwa matsalar tun cikin kwamfuta ta faro.

Aiki biyu ne, ba ɗaya ba

Masu zanen gine-gine suna fara gina gidan ne a manhaja irin su Revit, ArchiCAD ko SketchUp. A nan ake sa tsawon bango, kaurinsa da abin da za a yi shi da shi. Daga nan ake fitar da taswirar da magini zai bi, da lissafin kayan da za a saya. Hoton da ke burge mai gida kuwa wata manhaja ce ke yinsa, kamar Lumion, Enscape, Twinmotion ko V-Ray, wadda ke lulluɓa wa bangon hoton bulo, katako ko dutse, ta ƙara haske da inuwa.

Tsakanin biyun ake samun saɓani. A Revit, alal misali, layukan da ke nuna jerin karo a taswira dabam suke da hoton karon da ke fita a nunin ƙarshe. Idan mai zane bai daidaita su ba, taswira ta ce abu ɗaya, hoto ya nuna wani. A Lumion kuma cikin daƙiƙa ake maye shafen siminti da marmara mai sheƙi, alhali a asalin zanen bangon na nan yadda yake.

Girman karo kaɗai ya isa misali. Ɗaki mai mita 4 a 5 yana cin karo kusan 56 idan mai santimita 60 ne, amma sama da 220 idan mai santimita 30 ne. Daɓen biyu ba su kama da juna, kuɗinsu da aikinsu ma ba ɗaya ba ne. Haka bulon siminti mai santimita 40 a 20: guda 12 da rabi ke rufe murabba'in mita. Idan aka miƙe hotonsa ko aka matse, ido zai ga gidan ya fi girmansa na gaskiya ko ya kasa.

Kayan waje, ranar gida

Rumbun kayan da ke cikin waɗannan manhajoji an cika shi ne da bulo, katako da ciyawar ƙasashen da aka ƙirƙiro su. Jar ƙasarmu, tubalin laka da zanen bango irin na unguwar Birni a Damagaram, sai mai zane ya ɗauki hotonsu da kansa, ya auna, ya shigar. Haske ma haka ne. Idan ba a saita wurin a kan Yamai ko Tawa ba, inuwar hoton ta wata ƙasa ce. Farin fentin da ke haske a waya kuma bai san ƙurar hunturu ba.

Ayyukan Mariam Issoufou Kamara sun nuna cewa kayan gida na iya yin kyau ba tare da aron fuska ba. Gidajen Niamey 2000 da ta yi da abokan aikinta a Yamai, da cibiyar Hikma ta Dandaji a jihar Tawa, wadda ta yi tare da Yasaman Esmaili aka kammala a 2018, da bulon ƙasa da aka matse aka gina su. A Dandaji launin ginin na ƙasar wurin ne. A irin wannan aiki, hoton da bai bi ainihin bulon ba ya ɓata tunanin gaba ɗaya.

Abin da mai gida zai nema

Kafin ka aiko da kuɗin farko, ka nemi jerin kaya a rubuce: kowane abu da ke cikin hoton, sunansa, girmansa da inda ake samunsa. Ka kwatanta jerin da takardar ƙiyasin kuɗi. Idan hoto ya nuna dutse a fuskar gida amma takarda ta ce fenti, ka tsaya ka tambaya. A ɗauko maka hoton samfurin karo da fenti a rana, a filin ginin, da ma'auni a kai. Kafin a shafe gida duka, a gwada murabba'in mita ɗaya ka gani.

Ga matasan da ke koyon wannan sana'a kuwa, suna ɗaya ya kamata kowane kaya ya ɗauka daga taswira har hoto, da girmansa na gaskiya, kuma jerinsa ya fara daga kusurwar da mai karo zai fara. Hoton da magini zai iya maimaitawa da kayan kasuwar garin shi ne ke dawo da mai aiki karo na biyu.